Lalle a Hannu Ɗaya

Shekara tara ke nan da rasuwar Yaya Rabi, kuma har yau ban san abin da fuskarta ke faɗa ba a zanen da ke rataye a falona.

Wani maƙwabcinta a unguwar Mpape, nan Abuja, ne ya zana ta da fenti, wata biyu kafin ta kwanta ciwo. Tana zaune a bakin ƙofa, duwatsu a bayanta, leɓenta ya ɗan karkace. Mijinta ya ce murmushi ne. Ni kuwa da safe nakan ga murmushin, idan na dawo daga ofis sai in ga mai shirin yi mini faɗa. Hannayenta na kan cinya: na hagu ya sha lalle jawur, na dama ko ɗigo babu.

Masu ilimi sun yi mini fassara har na gaji. Wani abokin aikina ya gyara tabarau, ya ce hagun ƙauye ne, daman kuma birni. Da Yaya ta ji shi, da ta tambaye shi ko ya karya kumallo. Na hau har Mpape na nemo mai zanen. Ya ce da guntuwar Hausarsa, "Madam, ni ba sani komai. Haka shi ya zauna, haka na zana."

Bana Ummi 'yar Yaya, wadda na riƙe tun rasuwar, za ta yi aure, ta roƙi in ba ta zanen. Ta ce, "Anti, tsakani da Allah, Mama ta ji daɗin zaman garin nan?"

Ranar sa lalle ina kallon ƙawarta za ta fara yi mata hannun dama, sai zanen ya faɗo mini a rai. Mace na iya sa wa hagunta da kanta, amma dama sai da 'yar'uwa. A Zariya ni ce mai yi wa Yaya dama. A Abuja ta kira ni in zo in sa mata ya fi sau uku, ina nan Utako, ina ce mata sai an samu hutu.

Ko dai ta bar hannun ne saboda tuƙin tuwo? Ko mai zanen ne ya zo ba ta gama ba? Wallahi ban sani ba, kuma na fi so a ce hakan ne. Allah Ya jiƙan Yaya, ta tafi ta bar ni da hannun nan.

Amsar Ummi har yanzu ba ni da ita. Na dai ce wa ƙawar ta matsa, ta miƙo mini kwanon lallen.