Madubin Malam Taurari

Inna mai gidan haya ba ta taɓa sakin jiki da mutumin da ke ɗakinta na sama ba. Malam Taurari ake ce masa. Kimiyya ya koyar a sakandare har ya yi ritaya, yanzu gidan rediyo yake zuwa yana ba mutane labarin duniyoyin da babu wanda ya taɓa takawa. Ba ya faɗa da kowa, kuma shiru-shirun nan nasa ne ya fi damun Inna. Dattijo da furfurarsa, kullum yana kan rufi da dogon bututu a ido, ga tsakar gidajen mutane a ƙasa?

Ranar da tela, maƙwabcinsu, ya kawo ƙara cewa matarsa ta kasa sakewa a gidanta, Inna ta yanke shawara: ko ta ga abin da yake leƙe, ko ya kwashe komatsansa.

Da la'asar sakaliya ta hau tana haki. Malam ko gezau, murna ma ya yi, ya jawo mata kujera. Ya ce madubin da ke cikin bututun da hannunsa ya yi shi, yana ta goga gilashi, shekara da shekaru, tun marigayiya matarsa na yi masa tsiya. Ya saita shi kan wata, wanda ya riga ya fito fari fat. Inna ta leƙa, ta ga ramuka da duwatsu kamar tsohon kwanon da ya sha bugu. Ta ja da baya da sauri. Sai ta tuna ita ba yarinya ba ce: hoto ya liƙa a ciki don ya rufe mata baki.

Ta ce ya buɗe. Ya kwance gindin bututun, ya ciro madubin da hannu biyu. Babu hoto. To, a ƙarƙashin ƙyallin yake ke nan. Kafin ya ankara ta kama bakin zanenta ta murje shi da ƙarfi, yadda take yi wa tukunya. Ƙyallin ya kwaye, ya bar zane-zane.

"Inna, ba a taɓa fuskarsa," ya ce a hankali.

Kunya ta rufe ta. Ta ce ya yi zamansa, babu mai korarsa, tela kuwa ita za ta ji da shi.

"Sai ka goga wani, ko?"

Hannuwansa kawai ya miƙa mata, ta ga yadda tsufa ya sa suke karkarwa.