Tsumman da ke Tagar Inna

Jiya maƙwabciyata a nan Dutse ta hura jiƙaƙƙen itace, ƙaurin ya tsallako katanga. Na ruga na rufe ƙofar ɗakin da Inna ke kwance. Mai karatu, wannan ƙaurin shi na tashi a cikinsa, a da har daɗinsa nake ji.

A ƙauyenmu, can wajen Buji, da damina ta sauka murhu yakan koma cikin ɗaki. Inna, mahaifiyata, takan zaɓi zangarkun gero mafi ƙoshi ta rataye su a rufi, daidai saman murhu, domin su ne irin baɗi. Hayaƙi ke hana ƙwari cin su. Saboda haka 'yar tagar ɗakin, wadda ba ta fi faifai ba, kullum a toshe take da tsumma, kada hayaƙin ya fita a banza. Haka ta gani wajen kakarmu. Rufin ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, wani lokaci har ta faɗo mana cikin miya. Inna tana durƙushe tana hura wuta da baki, idanunta jajir, hawaye na zuba, tana tari tana dariya. In na kai hannu ga tsumman sai ta daka mini tsawa: "Ke! Yunwa kike nema mana?"

Irinta bai taɓa lalacewa ba, har maƙwabta na zuwa roƙo. Tarin kuwa muka ce sanyin damina ne.

Bana numfashinta ya soma gagara, na ɗauko ta zuwa asibiti. Likita ya daɗe yana duban hoton ƙirjinta, sannan ya ce, "Mama, kin taɓa shan taba?" Wallahi saura kaɗan in zage shi. Matar da ko goro ba ta ci! Ya ce hayaƙin girki ne ya cinye huhun, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa.

Tun ranar na rasa inda zan sa kaina. Wata abokiyar aikina ta ce shuke-shuken tukunya suna gyara iskar ɗaki, na je wajen masu sayar da su a bakin titi na kwaso har bakwai, na jera mata su. Na sani sarai ganye ba zai wanke hayaƙin shekara hamsin ba, likita ma ya ce buɗe taga ya fi. Amma me zan yi, in zauna ina kallo? Inna ta dube su ta ce, "Wannan kuma miyar me ake yi da shi?" Yanzu duk da safe sai ta ce a miƙo mata buta ta ba su ruwa, kuma ranar da ta yi hakan ta fi sakin fuska.

Makon jiya na je ƙauye. Na tarar da matar ƙanena a ɗakin nan, tana hura wuta, jaririya goye a bayanta tana tari. Na fizge tsumman da ke tagar na jefa cikin murhu, ina kuka ina faɗa kamar mahaukaciya.

Da na dawo na gaya wa Inna. Sai da ta ja numfashi sau uku kafin maganar ta fito.

"A mayar da shi," in ji ta. "Irin zai lalace."