Ƙafar Auta a Hannuna

Wannan na jikin hoton da kike tambaya ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kina goye ya rasu, ba za ki tuna shi ba. Mu a gida Auta muke ce masa har ya tsufa, mutanen unguwa kuwa Mai Inji.

Ɗakin niƙansa yana ƙarshen layinmu, ɗan ɗaki na kwano, inji a tsakiya an kafe shi da siminti, ga duron ruwa, ga benci ɗaya da mata ke zama. Ya fi shekara arba'in a ciki. Injin nan shi ya cinye masa kunne, a hankali, kamar yadda gara ke cin katako. Da farko sai ka maimaita magana, daga baya sai ka ɗaga murya, a ƙarshe ko aradu ta faɗi bai sani ba. Bai yi karatu ba balle a rubuta masa. Matarsa ta riga shi tafiya, 'ya'yansa biyu suna nesa. Sai ni na zama kunnensa, don bakina kaɗai yake iya karantawa, abin da ya gagara mu ƙarasa da hannu.

Amma fa bakinsa bai mutu ba. Shi a zatonsa raɗa yake yi. Ya taɓa sunkuyowa ya ce min, wai a asirce, hatsin matar tela rabinsa tsakuwa ne. Matar tana bakin famfo can nesa ta jiyo. Kwana uku na yi ina ba da haƙuri, shi yana tambayata wane munafuki ne ya kai mata.

Wata Talata da hantsi ya ɗaga buhu, sai ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji. Ya ɗauka ƙwarnafi ne. Ya zauna yana gumi, ya tashi ya ƙarasa wa mata huɗu da ke jira niƙansu, sannan ya kashe inji. Sai washegari ya yarda muka kai shi asibiti. Likita ya ce jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe, kuma mun makara. Kwana tara ya yi a gado.

Da ya ɗan murmure, likitan ya zaunar da ni ya yi min bayani, Allah ya saka masa, bai yi min Turanci ba. Ya ce zuciya nama ce. Inda jini ya daina zuwa, wani wurin mutuwa yake yi, wani kuma suma. In suma ne, za a yi aiki a buɗe wa jini hanya, wurin ya farfaɗo. In ya mutu, to yanka mutum wahala ce kawai. Kuma ido ba ya rarrabewa, sai an sa shi a wani babban injin hoto, em-ar-ai suke ce masa. Shi kuwa Auta tambayarsa ɗaya ce safe da yamma, yaushe zai koma bakin injinsa. Na ce masa in hoto ya yi kyau za a yi aiki, ya koma. A kan wannan maganar ya kwana ya tashi har sati uku.

Ranar hoton aka kai mu can ƙasan bene, wuri mai sanyi kamar cikin randa. Mai ɗaukar hoton wata siririyar yarinya ce mai tabarau. Ta ce ƙirji yana hawa yana sauka, saboda haka za ta riƙa yi masa magana daga waje, in ta ce ya riƙe numfashi ya riƙe, in ta ce ya saki ya saki. Na ce 'yata, wannan ko a kunnensa kika hura usur ba zai waiwayo ba. Ta shiga wurin babbansu, ta daɗe, ta dawo ta tambaye ni ko zan iya shiga tare da shi. Wai in riƙe masa idon sawu. In na matsa ya riƙe numfashi, in na sassauta ya shaƙa. Na nuna masa sau biyu a kan benci, ya ce ai ko jariri zai iya.

Sai da ta yi min tambayoyi kamar alƙali, ko an taɓa sa min ƙarfe a jiki, don wai injin maganaɗisu ne, makulli ma fizge shi yake yi daga hannun mutum. Na cire 'yan kunne, na cire fil. Zobena ya ƙi fita sai da sabulu. Shi dama an riga an duba masa ido, saboda yakan wasa farantin inji, kada a ce ɗan ƙarfe ya taɓa shiga.

Abin kamar bakin rijiya ne aka kwantar. Suka kwantar da shi a kan wani siririn gado, suka manna masa wayoyi a ƙirji, suka ɗora wani faifai a kai, suka sa masa allura a hannu, gadon ya ja shi ciki. Ba abin da ya rage min sai ƙafafunsa biyu, duk faso. Aka kifa min wani abu a kunne wanda zan riƙa jin muryar yarinyar. Da injin ya fara bugawa, kamar maƙera goma a ɗaki ɗaya, sai na ji Auta daga ciki:

"Yaya, injin nan nasu sabo ne. Ina jin sa a bayana, ko kaɗan ba ya rawa."

Yarinyar ta ce yanzu, Mama. Na matsa. Ina kallo yatsun ƙafarsa suka fara lanƙwashewa. Mutumin da ke haki in ya je bayi ya dawo, ni kuma na hana shi iska. Ban san lokacin da hannuna ya buɗe ba. Aka sake, na sake saki kafin ta ce. Sau uku. Sai ƙarar ta tsaya, ta shigo ta ɗaga min abin kunnen.

"Mama, duk sanda kika tausaya masa hoton lalacewa yake yi. Ki riƙe har sai na ce."

Na ce, "Ni na goya shi fa."

"Na sani. Shi ya sa ya yarda da hannunki."

Daga nan na rufe idona. In ta ce yanzu, in matsa, in kama istigfari a zuci, ba na duban yatsun. Ina jin jijiyar ƙafarsa tana bugawa a tafina. Ban ƙirga ba, amma ya fi sau talatin. A tsakiya suka tura masa wani ruwa ta allurar, wai shi ke zama a wurin da ya yi tabo ya nuna shi, muka jira ɗan lokaci, aka ci gaba. Da aka fito da shi yarinyar har murmushi take yi, ta ce hoto ya fito fes, wasu masu kunnen ma ba sa yin haka. Ni kuma, wauta, na ji daɗi, na ɗauka fes ɗin albishir ne.

Bayan kwana biyu likita ya juyo mana da allon kwamfutarsa, hoton yana jiki. Wani abu ne kamar awarwaro, wai bangon zuciya ke nan. Ya ce inda ya yi baƙi yana da rai, inda ya yi fari tabo ne. Ya bi farin da bakin alƙalami. Da a ce ɗan siriri ne daga ciki, in ji shi, da an gwada. Amma nan ta gaban zuciyar farin ya ratsa bangon daga ciki har waje, kuma da faɗi. Babu aiki. Sai magani, a rage gishiri, kada ya ƙara ɗaga ko bokiti.

Auta bai kalli allon ba ko sau ɗaya. Bakina yake kallo, ni kuma na kasa motsa shi. Abin da ke raina a lokacin, da na ci gaba da sakin ƙafar nan, da hoton ya dagule, da an ce mu dawo wata mai zuwa, da ya ƙara wata guda yana sa rai. Uwarki ta sha ce min hoto ba ya kashe mutum, abin da ke nan yana nan. Na sani. Amma da hannuna aka fito da shi fes.

Ya ce, "Za su yi?"

Na girgiza kai.

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya matso kusa da kunnena, ya yi raɗar nan tasa wadda har masu jira a baranda suka ji:

"Kada ki gaya wa kowa, Yaya. Kunya nake ji."

Likita ya sunkuyar da kai yana gyara takardun da ba su karkace ba.

Gidana na dawo da shi. Makullin ɗakin niƙa ya miƙa wa wani maƙwabci, bai ƙara bi ta ƙarshen layin ba, in za mu asibiti sai mu zaga. Mutumin da bai taɓa jin maganar kowa ba, sai ga shi yana bin ta likita sak. Ya sha magani, ya zauna a gindin bango, ya sha magani. Wata bakwai ya yi a haka.

Ana saura 'yan kwanaki, ƙafafunsa sun kumbura, na zuba ruwan ɗumi ina wanke masa kai a tsakar gida. Shekara da shekaru kansa fari fat yake, kowa ya san garin niƙa ne, ni ma haka. Na cuɗa, na ɗauraye, na sake cuɗawa, farin bai fita ba. Sai a nan na tuna rabonsa da gari ya fi wata bakwai. Ashe furfura ce. Ni duk zaman nan yaro nake ganinsa.

Ranar Lahadi da safe ya cika, yana zaune, shayinsa bai huce ba. Allah ya sa ya huta, ya jiƙan namu da naku.