Ragona da Jubilin Makaranta

Shekarar da firamaren da nake koyarwa a Isa ta cika ashirin da biyar, hedimasta ya tara kwamiti ya ce za a yi jubili. Ardon Kurawa, wanda jikokinsa ke karatu wurinmu, ya ɗaga sandarsa.

"Malam, mi ne ne jubili? Ba ni cin abin da ban san sunan uwarsa ba."

Hedimasta ya latsa waya, ya karanto muna. Wai Turawa ma aro suka yi daga Bani Isra'ila, asalin kalmar ƙahon rago ne da ake busawa duk shekara hamsin. Sai na ga idanu sun juyo kaina. Kowa ya san balamin ragon da nake turkawa don sunan abin da maiɗakina za ta haifa, kuma cikin ya tsufa.

"Tunda namu rabin hamsin ne," in ji Ardo, "ƙaho guda ya isa. A zare na hagu."

Na ce wallahi ba a yi wanda zai taɓa shi ba. Rago mai ƙaho guda ranar suna? Surukaina na Sabon Birni su ce mi? Na fizge wayar, na ci gaba da karantawa, sai ga mafita: a shekarar jubili ana sakin duk wanda ke ɗaure. Na karanta da ƙarfi har sau biyu, ina jin kaina gwani. Kwamiti ya yarda a bar ƙaho, a yi saki. Ni a zatona za a kwance shi ne a yi tafi, in ja abina gida.

Ranar biki hedimasta ya sha babbar riga, ya kwance igiya gaban manyan baƙi. Yara suka kaure da ihu, makaɗi ya doka ganga. Ragona ya ture teburin lemo, ya tsallake katanga, ya miƙe hanyar iyaka. Na tattare riga zan bi shi, Ardo ya riƙe ni, wai abin da aka 'yanta ba a kamo shi.

Wani ɗan kasuwa ya ce ya hango shi can cikin Nijar. Ban sani ba.

Maiɗakina ta haifi ɗiya mace a satin. Muka yanka wata 'yar akuyar ƙanena, ramammiya. Da aka kai mata nama ɗaki ta dubi kwanon, ta miƙo mani.

"Ci, Malam. Kai ka yi karatu."