Igiyar Shanyar da Na Kai Majalisa

Ko hankalina zai gushe saboda tsufa, ban ga ranar da zan manta da zuwanmu Paris ni da 'yata ba, igiyar shanya a cikin jakata.

Tushen maganar ciwon maigidana ne, Allah ya jiƙansa. A hawa na goma sha ɗaya muke, a dogayen benayen unguwar Vénissieux da ke gefen birnin Lyon. Wata rana bayan azahar ya yanke jiki ya faɗi. Masu agaji suka ce dole a ɗauke shi a kwance. Aka zo ƙofar asansar, wannan akwati mai hawa da sauka da mutane, gadon ɗaukar ya ƙi shiga. Aka juya, aka karkata, ina! Ta matakala aka sauke shi, kowace kwana sai an miƙar da shi tsaye kamar katifa, maƙwabta suna leƙe. Dattijon da ko hula bai taɓa cirewa a gaban mutane ba. Kwana biyu ya yi a asibiti ya rasu. Ajali na Allah ne, ban musa ba. Amma wulaƙancin matakala wani ɗan Adam ne ya zauna ya zana shi.

'Yata ta fari, wadda ba na kama sunanta, aikinta ke nan, zanen gidaje. Arshitek suke cewa. Bayan shekara uku na ji ta tana waya, rabi Hausa rabi Faransanci, tana cewa ba za ta je ba. Ni ko kunnena ba ya hutu. Na ce, "Ke, ina ne ba za ki ba?"

Ta ce ana shirya sabuwar dokar gine-gine, ana son a bar magina su ƙanƙanta asansar don gini ya yi sauƙi. 'Yan majalisa, waɗanda ake ce wa depite, sun nemi jin ra'ayin masu zane, ƙungiyarsu kuma ta ce ita ta je. "Inna, ni zane na koya. Doka aikin depite ce, ba nawa ba."

Na ce, "Depiten ya taɓa auna ƙofa? In ku da kuka sani kuka yi shiru, wa zai gaya musu? Aljanu?"

"Inna, ba za su saurare ni ba."

"To sai su ƙi saurarenki kina tsaye a gabansu. Sayi tikiti biyu."

Ban yi boko ba, ban san santimita ba. Amma na shekara ashirin ina sayar da atamfa, kamun hannuna ba ya ƙarya, kuma ni na auna likkafanin mutumin nan. Na kwance igiyar shanyata na yanke kamu huɗu cif.

A Paris aka binciki jakata a ƙofar majalisa. Mai gadi ya ɗaga igiya yana juyawa, na zuba masa ido har ya mayar da ita inda ya gan ta. Aka zaunar da ni a baya, aka gargaɗe ni cewa baƙi ba sa magana. 'Yata ta fara bayani da lambobi da zane a bango. Ni ba kalmomin nake bi ba, fuskoki nake bi. Ɗaya yana latsa waya, ɗaya tana hamma a bayan takarda. Muryar yarinya ta soma yin ƙasa, na ga za ta naɗe takardunta mu koma Lyon hannu wofi.

Sai na miƙe. Wani ya yi mini alama in zauna, na wuce shi. Na danƙa wa 'yata bakin igiya, na ja ɗaya bakin har ta miƙe.

"Gaya musu wannan tsawon ubanki ne."

"Inna, don Allah, za su fitar da mu."

"Gaya musu, ko ni in gaya musu da Faransancina na kasuwa, kunyar ta ishe ki."

Ta dube ni, ta dubi igiyar. Daga nan ban ƙara koya mata komai ba. Ta kwashi takardunta ta jera su a ƙasa, daidai girman asansar da dokar za ta yarda da shi, ta shimfiɗa igiyar a ciki. Ta tsawo, ta yi yawa. Ta kusurwa, ta yi yawa. Ta ba su labarin hawa goma sha ɗaya, ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe. Mai latsa waya ya kifa wayarsa. Wani mai furfura ya ce abin tausayi ne, sai dai kowa ya san gini ya yi tsada. Da aka fassara mini na ce, "Tambaye shi a hawa na nawa tsohuwarsa take kwana." Wannan kam 'yata ta ƙi fassarawa, amma ya gane daga idona.

Ba a ranar aka gama ba. Sau huɗu ta koma Paris ba tare da ni ba, ita da abokan aikinta, suna rubuta layi ana gogewa suna sakewa. Wata rana ta shigo ko sallama ba ta gama ba, ta karanta mini layi guda: duk sabon bene mai tsawo, sai da asansar da zai ɗauki mutum a kwance. Layi ɗaya tak. Benenmu tsoho ne, dokar ba ta shafe shi ba, ni ma wataƙila a tsaye za a sauke ni. Na sani, kuma ban yi da-na-sani ba.

Abin da na koya shi ne, duk ƙuncin da talaka yake sha a ɗakinsa, akwai inda aka zauna aka rubuta shi. Wanda Allah ya ba ilimin abu, ya ji ana rubuta dokarsa ya ce ba ruwansa, to da hannunsa a ciki. In an buɗe maka ƙofa ka shiga, in an ce ka zauna a baya ka yi shiru, ka miƙe.