Bugun Zuciyar Da Ya Raba Ni Da Kwata

Assalamu alaikum jama'a. Wata bakwai ba ku ji ɗuriyata a nan ba. Wasu sun ce na koma Kano, wasu sun ce jifa aka yi mini. Yau zan faɗa da bakina.

Shekara goma sha tara ina fawa a kwatar Trans-Amadi. Bijimin da mutum huɗu ke fama da shi, ni nake kama masa ƙaho.

Wata safiya ina cikin fiɗa sai ƙirjina ya hau bugawa. Zufa ta karyo, yatsuna suka yi sanyi, numfashi ya ƙi shiga. Na zube a ƙasa ina kalmar shahada, don na sakankance mutuwa ce.

Minti goma, abin ya wuce. Bayan kwana uku ya dawo a cikin tasi. Sannan a sahun Juma'a.

An yi ruƙiyya, na sha rubutu. A asibiti aka gwada zuciya, aka ɗebi jini, aka duba maƙogwaro. Gwaje-gwajen sai da suka ci kuɗin bijimi guda. Komai lafiya lau.

Likitar, wata dattijuwa, ta ce, "Oga, your heart dey kampe. Na fear dey worry you." Wai zuciyata ƙalau take, ciwon fargaba ne, in je in ga likitan ƙwaƙwalwa.

Na ce ni ba mahaukaci ba ne. Na koma gida na daina fita, kullum ina jiran ciwon ya dawo.

Matata Rabi ce ta gaji. Ta ce, "Baban Aisha, da ƙafarka ce ta karye, za ka ji kunyar zuwa ɗori? Tashi mu tafi."

Muka je. Likitan ya rubuta mini magani, ya kuma ce, "Idan ya taso, kada ka gudu, kada ka yi kokawa da shi. Bi numfashinka, shigarsa da fitarsa. Ji inda ƙafarka ta taɓa ƙasa. Hankalinka zai tsere, ka dawo da shi ba faɗa."

Wallahi dariya na yi. Numfashi kuma sai an koya wa mutum?

Sati biyun farko ko minti ɗaya ba na iyawa. Wajen alwala na fara gane abin: in ji sanyin ruwa a hannuna, in tsaya a nan kawai, ba gobe ba jibi. Daga nan kullum bayan asuba sai in zauna minti goma.

Da Babbar Sallah na koma kwata. Ana tsakar aiki, ga hayaniya, sai ga shi ya taso. Na jingina da bango. Na ji bugun, na bar shi yana bugawa, ina bin numfashina. Ya hau, ya hau, ya sauka.

Na koma na ƙarasa aikina. Shanu shida na feɗe ranar, da hannuna!

Har yanzu yakan leƙo, amma ya daina hana ni fita.

Alhamdulillahi. Rabi, Allah Ya biya ki. Abokan sana'a da suka riƙe mini teburi, na gode.

Mai jin irin wannan, fara zuwa a duba maka zuciya. In an tura ka wajen likitan ƙwaƙwalwa, ka je. Kada ka bar magani sai da saninsa. Ka koyi bin numfashin tun kana lafiya, kada ka bari sai ya taso. Kuma ka gaya wa mutum ɗaya a gidanku, yau ɗin nan.