Ƙasar da Ishaku Ya Ɗanɗana

A da, in an gama girbin dawa a ƙauyenmu da ke bayan duwatsun Zuru, da an ci tuwon yamma sai yara su kewaye wuta. Yau gidan namu ko rufi babu, dangin da suka rage suna cikin gari a ɗakunan haya, kowa ya sunkuya kan wayarsa. Na yi shekara talatin ina aikin soja, na zauna Legas da Laberiya da Labanon, na saurari tsofaffi suna ba da labari da harsuna dabam-dabam. Kusan ko'ina sukan sassauta wa yara ƙarshen labari. Kakarmu Tani ba ta sassautawa.

Maginiyar tukwane ce, faratanta kullum da yumɓu. Mu uku muke zama gabanta, ni da ƙanena Ishaku da autarmu Ladi, tana juya mana gyaɗa a cikin toka. Takan fara da yarenmu na C'lela, in labari ya yi nauyi ta koma Hausa.

"Ku matso, ga ta nan tafe," in ji ta, "wanda ya yi gyangyaɗi na ci gyaɗarsa."

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta matar da ke ɗanɗana ƙasa. A garinsu ba a gina rumbu sai ta sa ƙasar wurin a harshe, ta ce a gina ko a matsa gaba. Wata shekara surukinta ya zaɓi wuri a ƙofar ɗakinsa. Ya riga ya tara duwatsu, ya kira gayya, an dafa abinci. Ta ɗanɗana, ta ji ƙasa ce mai shan ruwa ta saki. Ta dubi tsohon, ta dubi taron, kunya ta rufe ta, ta ce, "Ta yi." Aka gina, aka cika shi da dawa. Tsakiyar damina ɗiyarta na zaune a gindinsa tana ɓarar wake, rumbun ya kwanta a kanta.

Ladi takan fashe da kuka. "Kaka, ki canza ƙarshen."

"In canza mi? Ƙasa ta san kukanki ne?"

Ran nan Ishaku ya ce, "To, ba sai ta ce a'a ba?"

Kaka ta dungure masa kai. "Ji mijina, baki kamar na kwaɗo. Ka taɓa ce wa babba a'a gaban mutane? Girma tukuna."

Ya girma, kuma ƙasar ya bi. Ya karanta injiniyan gine-gine, ya je ƙetare ya ƙaro, ya dawo jami'a har ya zama farfesa. Bincikensa duk a kan baƙar laka ne, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, da yadda za a ƙarfafa ta da tokar ɓuntun shinkafa kafin a ɗora mata hanya. Ya yaye injiniyoyi da yawa, ana kiransa taro ƙasashen da ni ma ban taka ba. Ɗalibansa na yi masa dariya don har a ɗakin gwaji yakan sa ƙasa a harshe kafin ya kunna na'ura.

Tsakanin ƙauyenmu da hanyar Danko akwai rafin da ke raba mu da duniya duk damina. Mata sun sha haihuwa a bakinsa. Bayan na yi ritaya muka yi ta kai kuka har aka ba wani ɗan kwangila aikin ƙaramar gada, da sharaɗin ƙwararre ya duba wurin ya sa hannu. Wa za mu kira in ba ɗanmu ba?

Ishaku ya zo, ya haƙa, ya tafi da ƙasa, ya dawo bayan sati biyu. Dattawa sun cika tsakar gida, mata na ta girki. Ya ja ni gefe.

"Yaya, wurin nan ba ya ɗaukar gada. Sai an matsa sama can wajen dutse, ko a nutsa ginshiƙai ƙwarai."

"In an matsa, aikin ya tashi ke nan. Ka san ba za a sake ba mu ba."

"Na sani."

"To, Farfesa, karatun naka na mutanen waje ne? Dubi Baba Manga, tun safe yake zaune saboda kai. Da wane baki za ka gaya masa?"

Ya daɗe yana kallon tsohon. Ya karɓi takardar, ya rubuta a gefe cewa a ƙara zurfin ginshiƙai, ya sa hannu. Ni da shi mun san ba mai karanta gefen takarda.

Gada ta yi damina biyu, ana sa wa Ishaku albarka a coci da masallaci. A ta uku, ranar kasuwa, motar da ta ɗauko mata daga kasuwar Bena ta hau ta bayan ruwan sama, gadar ta rufta da su. Ladi na ciki. Washegari aka tsamo ta can ƙasa cikin ciyawa, ta riƙe ƙullin gishirinta.

Shekara da shekaru ina ɗauka labarin Kaka a kan matar ne da kunyarta. Sai da na tsufa na lura akwai wani a ciki da ba mu taɓa tambaya a kansa ba: tsohon da ya kira gayya tun ba a ɗanɗana ƙasa ba. A garuruwan da na zauna na ga injiniya ya ce a'a ya tafi gida ya ci abincinsa, don ba yayansa ke tsaye a kansa ba.

Ishaku na nan yana koyarwa. An ce duk ajin da ya shiga, da labarin rumbun yake farawa, ba ya kuma canza ƙarshen. In na kira shi yana ɗauka, yana ce mini Yaya, yana tambayar ciwon gwiwata. Amma tun ranar da muka binne Ladi bai sake taka Zuru ba, ni kuma ban sake roƙonsa komai ba.